Dam, kanal da injin ban ruwa: tambayoyin da ake yawan yi min kan ko aikin injiniya yana amfanar talaka

Duk sanda aka ji cewa harkar ruwa da noman rani nake yi sai an jefo min tambayoyi kusan iri ɗaya, wani da fushi wani da son sani, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni dai a yankin Kura na tashi, dangin mahaifiyata kuma suna can ƙasan Haɗeja, kun ga kenan ina da ƙafa ɗaya a inda aka kai ruwa, ɗaya a inda aka ɗauke shi.

Malam kai tsaye, fasaha da aikin injiniya suna amfanar jama'a ko dai surutun 'yan boko ne?

Suna amfanarwa, wannan kam ba na ja. Wanda ya taɓa ganin mace ta yi tafiyar awa biyu da tulu sannan aka haƙa burtsatse a bayan gidanta ba zai tsaya musu ba. Amma tambayar da na fi so a yi ita ce wa aka amfana, wa kuma ya biya. Don a aikin ruwa ba a ƙirƙirar ruwa, wanda Allah Ya saukar shi ne dai, injiniya tare shi yake ya juya shi, in ya ƙaru a gonar wani toh ka tabbata ya ragu a wani wuri, kuma yawanci wanda ya ragu a wajensa ba ya cikin ɗakin da aka zana taswirar.

Me ya sa kullum dam kake kawowa misali, ba waya ko intanet ba?

Saboda shi na sani, kuma shi ya daɗe har an ga ƙarshen labarinsa. Waya jiya-jiya ta zo. Dam ɗin Tiga kuwa an gama shi tun 1974, sama da shekara hamsin kenan, yaran da aka haifa a lokacin yanzu sun yi jikoki, riba da asara duk sun fito fili.

Toh me Tiga ta tsinana wa mutane?

Abu mai yawa wallahi. A zamanin gwamna Audu Bako aka gina ta a kan kogin Kano, daidai lokacin da farin 1973 ya gigita arewa da Nijar, dabbobi suna mutuwa mutane suna ƙaura. An gina ta ne don ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan aka ja babban kanal zuwa Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, aikin da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi.

Baba yana ba mu labari cewa kafin kanal, da an gama girbin gero da dawa an ɗaure dammuna, garin sai ya zama na tsofaffi da mata da yara, maza majiya ƙarfi duk sun tafi ci-rani, wani Kano wani Jos wani har Ikko, sai an ga hadari su dawo da ɗan abin da suka samo. Lambu akwai, amma ɗan tsiriri ne a bakin rafi, da jigo ake ban ruwa, ka danna ka ɗago ka juye tun asuba har kafaɗa ta mutu, duk ƙoƙarinka fangali kaɗan za ka iya shayarwa.

Ni kuma abin da na buɗi ido na gani daban ne. Ranar da ruwa ya zo layinmu, Baba zai tashe ni mu ɗauki bututan roba a kafaɗa, a je bakin ƙaramin kanal, ka nutsa bututun cikin ruwa har ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka wurga shi ta kan gaɓa zuwa cikin kunya da sauri ka saki, sai ka ji ya yi wani ɗan tari sannan ruwa ya fara zuba da kansa, ba fetur ba inji ba komai. Na fi sati ina gwadawa iska tana shiga kafin hannuna ya iya. Har yau in na ga ruwa yana bin kunya a watan Janairu, ƙasa busasshiya tana yin baƙi a gabansa, sai na ji wani abu a raina. Da wannan ruwan aka yi alkama, aka yi tumatir da albasa da masara da shinkafa, da shi aka biya min kuɗin makaranta. Je ka Kwanar Gafan lokacin tumatir ka ga kwanduna da manyan motoci masu tafiya kudu, ko ka shiga Kura ka ji ƙarar injinan casar shinkafa, mata nawa ne suke cin abinci da turara shinkafa kaɗai. Sannan ruwan famfon Kano ma, wanda ake tacewa a Tamburawa da Challawa, ba don dam-dam ɗin nan suna sako ruwa da rani ba da ba a san inda za a ɗebo shi ba.

In haka ne ina matsalar take? Naji kamar kana jan ƙafa.

Matsalar tana ƙasa, inda ruwan yake zuwa a da. Kogin Kano da na Challawa su suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya gangara ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, ya wuce Gashuwa da Geidam, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa har Tafkin Chadi. Kafin dam, duk damina sai kogin ya cika ya malale fili mai faɗin gaske, kuma mutanen can ba masifa suke ɗaukar wannan ba, shi ne arzikinsu. In ruwa ya hau a shuka shinkafar fadama, kifi ya shigo ya yi ƙwai, in ya fara ja da baya a bi danshin a shuka wake da kankana da sauransu, in ya janye gaba ɗaya Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa tsakiyar rani. Wuri ɗaya, mutum uku suna ci a lokuta daban-daban, manomi da masunci da makiyayi, kuma ba wanda ya zana musu wannan a takarda.

Da aka tare Tiga, sannan a 1992 aka ƙara da dam ɗin Challawa a wajen Ƙaraye, wannan cikar ta ragu sosai. In za a yi adalci fari ma ya taka rawa, na farkon shekarun 1970 da na 1984 ba wasa ba ne, ba komai za a ɗora wa siminti ba. Amma masu bincike da suka zauna a farkon shekarun 1990 suka lissafa abin da fadamar take bayarwa, kifi da itace da noma, suka gwada da abin da noman kanal yake bayarwa, sun gano cewa in da ruwan da ake kashewa za a auna, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Sai dai kifin da mutum ya kama ya ci da iyalinsa, da nonon da aka sayar a ƙwarya, ba sa shiga rahoton ma'aikata. Buhun alkama kuwa yana shiga. Wannan ita ce cutar da nake gani a manyan ayyuka da yawa, abin da ake iya ƙirgawa shi ake kira ci gaba.

Shi ya sa ma har yau ake taƙaddama kan dam ɗin Kafin Zaki da aka so ginawa a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi. Mutanen sama suna so, mutanen Yobe da Borno suna cewa shi kaɗai ne kogin da ya rage mana ba a tare ba. Duka biyun gaskiya suke faɗa.

Ana cewa dam ne ya kawo kachalla. Ta yaya siminti zai haifi ciyawa?

Kachalla dama tana nan tun da, amma ba ta da ƙarfi. Abu biyu suke kashe ta: ruwa mai ƙarfi da zai tumɓuke ta ya share hanya, da kuma bushewar rani da za ta ƙone saiwarta. Dam ya ɗauke duka biyun. Da damina an rage ƙarfin cikar, da rani kuma ana sako ruwa kaɗan-kaɗan ba ya yankewa, toh ka ga an haɗa mata abin da take so kenan, ruwa marar zurfi da ba ya gudu kuma ba ya ƙafewa. Tana fitowa sai ta riƙe laka, laka ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya nemi wata hanya. Haka aka wayi gari ruwa ya karkata ta hanyar Marma zuwa Nguru yana cin gonaki da gidaje, wasu garuruwan kuma da suke kan tsohuwar hanya suna kallon busasshen kwari. Masifa biyu kishiyoyin juna daga tushe ɗaya.

Na je wajen kawuna wata shekara na tarar da gayya ake yi. Maza sun fi talatin cikin ruwa iya ƙirji da lauje da adda, suna nutsewa su yanko ta daga ƙasa don in ka yanke ta a sama bayan sati biyu ta dawo, ta fi mutum tsawo, ganyen yana yanka hannu, matsattsaku suna manne musu a ƙafa. Kawu ya fito yana ɓamɓare su ɗaya-ɗaya jini yana bin ƙwaurinsa, ya nuna min wani wuri da haɓa ya ce nan gonar shinkafar kakanka ce. Ba abin da nake gani sai kachalla har inda ido ya tsaya. Da yamma kuma sai ga jan-baki sun taso daga cikinta kamar hayaƙi, don a nan suke kwana suke hayayyafa, ɗan abin da aka samu aka shuka a tudu su sauka a kai. Ya ce min, ɗana, ku can an ba ku ruwa mu an ba mu ciyawa. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma ban sami abin ce masa ba, don na san da wane ruwa aka yi min kuɗin makaranta.

Gaskiya ne an kashe mutane saboda dam a Bakolori?

Gaskiya ne, kuma abin takaici yara da yawa yanzu ba su taɓa ji ba. Dam ɗin Bakolori yana kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, lokacin jihar Sakkwato ce yanzu Zamfara. Wani kamfanin Italiya ne ya yi kwangilar, aka gama dam ɗin a 1978. Mutum wajen 13,000 aka tasa daga inda ruwan zai kwanta. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa kuma aka hana su shuka ana baje ƙasa da katafila, aka sare itatuwan da suka gada, wasu sun yi shekaru ba girbi, diyya kuma ta zama sai wanda ya san wani. Da haƙurinsu ya ƙare suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyukan. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, wasu da suka bi diddigi suka ce sun haura 380.

Su ma na ƙasan Bakolori abin da ya sami Haɗeja ya same su, fadamar da suke noman shinkafa ta rage samun ruwa, da yawa suka koma gero da dawa, kifi ya ja baya. Yau in ka je yankin za ka ga shinkafa kore shar da rani, mutane suna samu, an ma yi wa kanal ɗin gyara a 'yan shekarun nan. Ba na cewa a rufe ido daga wannan. Amma duk wanda zai yi alfahari da shinkafar Bakolori ya kamata ya san akwai kaburbura a ƙarƙashin labarin.

Toh laifin injiniya ne ko na gwamnati?

Abokan aikina suna son su ce mu dai zane muka yi, siyasa ce ta ɓata. Rabin gaskiya ce. Eh, ba injiniya ne ya riƙe bindiga ba, ba shi ya cinye diyya ba. Amma shi ya zauna ya lissafa ruwan da alkama take sha bai lissafa na masunci ba, shi ya sa hannu a takardar da ta kira fadama filin banza. In ka iya auna ƙarfin ƙasa da nauyin ruwa har ka san kaurin bangon da zai riƙe shi, ai za ka iya hawa mota ka gangara kilomita ɗari biyu ka zauna a gindin bishiya ka tambayi mutane yaushe ruwa yake zuwa muku, me kuke yi da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin ruwa na ƙauye ya san hanyoyin ruwan yankinsa fiye da duk wata taswira, kuma kyauta zai faɗa maka in ka gaishe shi da mutunci.

Dubi aikin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi da aka yi a wajen Marte a shekarun 1970. An kashe maƙudan kuɗi, an haƙa kanal an kafa manyan famfuna don a jawo ruwan tafkin, kafin a mori aikin tafkin ya ja da baya ya bar bakin kanal ɗin a kan tudu. Tafkin da yake kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai a shekarun 1980. Masunta da makiyayan wurin sun san tafkin yana tafiya yana dawowa tun kaka da kakanni, su bin sa suke yi, kanal kuwa ba ya tafiya.

Dam yana hana ambaliya ne ko shi yake kawo ta? Duk shekara sai mu ji wai Kamaru ta sako ruwa.

Yana iya yin duka biyun, ya danganta da yadda ake riƙe shi. Dam kamar randa ne, in ka bar mata wuri kafin damina ta yi nisa za ta shanye ruwan farko ta sake shi a hankali. In kuwa ka cika ta tun da wuri don tsoron kada ruwan rani ya gaza, sannan aka yi ruwa mai yawa a Agusta da Satumba, dole ka buɗe ƙofofi gaba ɗaya ko bangon ya tafi, kuma sakin dole ya fi fashewa sauƙi sau dubu.

Dam ɗin Lagdo, wanda daga shi Kamaru take sako ruwan, yana kan kogin Binuwai kusa da Garwa, an gama shi a 1982. An yi maganar Najeriya za ta gina nata a Dasin Hausa cikin Adamawa don ya tare abin da aka sako, shekara arba'in da ɗoriya ba a gina ba. A ambaliyar 2012 mutum sama da 360 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe sama da 600. Amma fa kada a ɗora komai a kan Kamaru, akwai manyan koguna da suke zuba cikin Binuwai a cikin Najeriya bayan an wuce Lagdo, ga gini a kan hanyar ruwa, ga kwalbatoci cike da leda.

Wanda ya fi ci min rai shi ne Alau. Dam ne da aka yi a shekarun 1980 a kan kogin Ngadda don Maiduguri ta sami ruwan sha da na noma. Ya taɓa yin ɓarna a 1994. Ranar 10 ga Satumba 2024 cikin dare ya ɓalle, ruwa ya shiga gari mutane suna barci, ya shiga kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan namun daji da gidan yari, mutanen da suka sha wahalar Boko Haram suka fara farfaɗowa aka sake mayar da su sansani. Mu a Kano ma dam ɗin Bagauda ya taɓa fashewa a 1988. Yawancin dam-dam ɗinmu na ƙasa ne da aka dandaƙe, ba zallar kankare ba, suna son a riƙa zagaya su ana duba tsagewa da yoyo da ramin gara da itacen da ya fito a jikin bango, a yashe laka, a shafa wa ƙofofi giris. Aiki ne marar kwalliya, ba a yanka kintinkiri a kansa, ba a sa sunan kowa a allo, shi ya sa kuɗinsa ne farkon wanda ake yankewa. Mu gina muka iya, riƙo ne ya gagare mu, kuma dam ɗin da ba a kula da shi ya fi babu dam haɗari don mutane sun riga sun sake sun yi gidaje a ƙarƙashinsa.

Kainji fa? An tashi mutane don wuta, ga shi ba wutar.

An gama Kainji a 1968, an tashi mutum sama da 40,000, tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa yanzu. Bayansa aka yi Jebba da Shiroro, kwanan nan Zungeru mai megawat 700. Wutar ana samar da ita, kuma ta ruwa tana cikin mafi arha da muke da su, matsalar tana wajen layukan da za su ɗauko ta da masu rarraba ta. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne ka ga ƙauye a jihar Neja ko Kebbi, manyan wayoyi sun bi ta kansa, kakanninsu aka tasa, su kuma da fitilar batir suke kwana.

'Yan uwanmu na Nijar ma sun ga wani gefen abin. A da kaso mai yawa na wutar Yamai daga Najeriya yake zuwa, da aka yi juyin mulkin Yuli 2023 aka katse layin watanni, mai sayar da ƙanƙara da mai walda da majinyaci a asibiti su suka ji a jikinsu, ba masu mulki ba. Nasu dam ɗin na Kandaji a jihar Tillaberi, tun 2008 aka aza harsashi har yanzu ana jira.

Akwai ruwan dam da rashin lafiya?

Akwai. Duk inda ruwa ya kwanta shekara zagaye sauro ya sami gida, zazzaɓin da a da na damina ne sai ya zama na kullum. Sai tsargiya. Muna yara kusan duk wanda yake wanka a kanal ya yi fitsarin jini, har wasu suna ɗauka alamar balaga ce, alhali tsutsa ce da take rayuwa a jikin wani ƙaramin dodon koɗi da yake son ruwa marar gudu mai ciyawa, ta huda fata ta shiga. Maganinta ƙwaya ce mai sauƙi da ake rabawa a makarantu, ku bari yaranku su sha. Share ciyawar kanal ma magani ne. Sai kuma maganin feshi, wanda yara suke gaurayawa a bakin ruwan da ake sha a ƙasa, ba safar hannu ba takunkumi, wannan kam mu muke yi wa kanmu.

Ƙaramin injin ban ruwa da sola ba su fi waɗannan manyan ayyukan ba?

A ganina ɗan injin fetur ɗin nan da ake ɗaurawa a bayan babur ya canja rayuwar manoma da yawa fiye da wasu dam-dam ɗin. Tun shekarun 1980 da hukumomin raya karkara suka fara yaɗa shi tare da 'yar rijiyar bututu da ake bugawa a fadama, sannan shirin Fadama ya ɗora a shekarun 1990, jigo ya kusa ɓacewa. Dalilin da ya sa ya karɓu ba wani ɓoyayye ba ne: naka ne, kai kake tayarwa kai kake kashewa, ba ka jiran wani ma'aikaci ya buɗe ƙofa, in ya lalace akwai makaniki a kasuwar ƙauye da zai kwance shi a kan buhu ya gyara kafin la'asar. Fasahar da mutum zai iya gyarawa da kansa ita ce take zama.

Da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 sai lissafin ya rikice, wasu suka rage gona, wasu suka mayar da injin ya koma shan gas ɗin girki, masu hali suka sayi sola. Sola tana da daɗi, ba ƙara ba hayaƙi ba kuɗin mai. Amma tsadarta ta farko ta sa mai kuɗi ne yake fara samu, sai ka ga ya sayi gonar maƙwabcinsa da ya kasa. Kuma tunda rana kyauta ce ba mai kashewa, ruwa yana ta zuba tun safe. Ruwan ƙasan fadamar nan cikar kogi ce take mayar da shi duk shekara, in an tare cikar a sama ana kuma zuƙa a ƙasa ba ƙaƙƙautawa, wata rana bututun zai ja iska. Na fara jin manoma suna cewa da a kusa suke samun ruwa yanzu sai sun ƙara bututu. Ga kuma makiyayi, fadamar da yake saukowa da rani duk ta zama lambu an toshe burtali da mashaya, rigingimu da yawa daga nan suke farawa.

Kai da za a ba ka zaɓi, a rushe Tiga a koma yadda ake da?

A'a. Miliyoyin mutane sun dogara da ita yanzu, kuma ni ba zan ce wa wani ya koma jigo ba alhali na san ciwon kafaɗar. Abin da ake iya yi, kuma masana sun daɗe suna faɗa, shi ne a riƙa sakin ruwa mai ƙarfi daga Tiga da Challawa a daidai lokacin damina don a kwaikwayi cikar da, a kuma rage na rani a wasu makonni hanyoyin su bushe kachalla ta ji jiki. Mu na sama kuma mu daina ɓarna, don ruwan da yake zubewa ta fasassun kanal da wanda ake bari yana kwarara cikin dare ba kaɗan ba ne.

An zo ƙauyenmu ana aune-aune wai za a yi dam. Me za mu yi?

Kada ku tsaya sai katafila ta iso. Tun yanzu ku haɗu, da mai gari da limamai da matasa, mata ma a ji nasu don su suka san inda ake ɗebo ruwa da itace, a kira masunta da Fulanin da suke sauka wurin ko da ba 'yan garin ba ne. Doka ta ce babban aiki irin wannan sai an yi nazarin illarsa ga muhalli da jama'a kuma an baje rahoton kowa ya gani, ku nemi a kawo muku shi a karanta muku da Hausa. Ku tambayi iya inda ruwa zai kai in dam ya cika maƙil, a kafa muku turaku a ƙasa ku gani da ido, ba a takarda ba. Kowa ya auna gonarsa ya ƙirga itatuwansa, ɗorawa da kuka da mangwaro da giginya, a ɗauki hoto da waya a rubuta a littafi biyu a ajiye a hannu daban-daban. Ku dage a ba ku gona a madadin gona, kuɗin diyya wata shida ne ya ƙare. Ku tambayi wa zai sami fili a cikin aikin bayan an gama, ku ne ko wasu daga birni, a rubuta. Ku tambayi maƙabarta. Ku tambayi wa zai riƙa duba bangon bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, da kuma yadda za a sanar da ku in za a buɗe ƙofa cikin dare.

Sannan ku tura mutum biyu ko uku su gangara garuruwan da suke ƙasanku su gaya musu abin da ake shirin yi, don da wuya a ce wani ya je ya faɗa musu.